Kwalbar da na kasa miƙawa da hannuna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga angona Sani, wanda ya bar amaryarsa mai haƙora huɗu ya gudu ƙasar Saliyo.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina baƙunta, ina ruwa? Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Mutanen gida suna gaishe ka, daga nan har Kanan-Bakashe. Gero ya fara fitar da kai, akuyata ta haifi biyu. Labarin gida ya ƙare ke nan, ba don shi na ɗauki bik na fara rubutu ba.

Kusan sati uku ba a ji ɗuriyarka ba. Ban gaya wa kowa ba, amma tuwo ya daina yi mini daɗi. Sai ranar kasuwa ubanka ya shigo da salula ya kunna mini muryarka. A karon farko ban ma saurari abin da kake faɗa ba, numfashinka nake bi. Da na ji babu tari, babu rawar murya irin ta mai zazzaɓi, sai na ce a sake kunnawa. A na biyun ne na ji ƙorafinka. Ka ce wata uku kana ƙauyen nan na ƙabilar Mende kana koya wa mata yadda ake kare yara daga zawo. Suna cika rumfar taro, tafinta yana juya maganarka, suna tafi, har waƙa sun yi maka. Sai ka shiga wani gida duba yaro marar lafiya, ka ɗaga kai, ka ga ƙunshin maganin da ka raba an soke shi a rufin ɗaki, ko guda ba a buɗe ba. Ka leƙa gida na biyu, haka. Ka ce aikinka na banza ne, za ka tattara kayanka ka dawo.

Ka san abin da na yi? Dariya na yi har da hawaye, na ce alhamdu lillahi. Ubanka ya zaci tsufa ne ya fara taɓa ni. Tun ranar da ka tafi tsorona biyu ne. Na farko ciwo. Na biyu kada ka dawo mana da kai kamar tulu, don tun kana lakwal, makarantar boko, ba a gama tambaya ka ba da amsa. To ga shi lafiyarka lau, kuma ka ɗaga kai ka duba rufin ɗaki ka ji kunya, tun babu wanda aka binne a hannunka. Ni sai da aka yi binne-binne kafin in ɗaga nawa kan.

Maganar dawowa kuwa, dakata. Karanta wannan tukuna, sannan ka yanke.

Ka tashi ka gan ni da akwatin magani, amma ba ka san yadda na fara ba. Shekarun fari ne, lokacin da sojoji suka karɓi mulki. Damina biyu a jere gero bai wuce gwiwa ba. Kakanka ya tafi ci-rani Katsina tare da sauran maza, gari ya rage mata da tsofaffi da yara. Sai aka zo daga Mayahi aka ce kowane ƙauye ya ba da mace guda a koya mata kiwon lafiya, aikin sa kai, irin naka. Maigari ya nuna ni don na yi karatun manya rani biyu, ina iya rubuta sunana ba tare da na zaro harshe ba. Aka tsallake Gwaggo Kande, tsohuwar ungozomar garin, wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke zaune a wurin, har da tawa.

Na yi kwana goma a Mayahi ana yi mana farmasiyo, wato horo. Na dawo a bayan kamyo, motar ɗaukar kaya, da akwatin katako, da kaye, littafin rubuta sunaye, da kwalba mai cin litir guda, da farin kallabi. Na kuma zo da kalmomin Faransanci guda biyar, ina barbaɗa su a magana kamar yaji.

Taron farko a gindin gawon bakin rijiya na yi shi. Na miƙe tsaye, tsofaffi suna zaune, na ce, "Atansiyo, mata! Daga yau kada wanda ya ƙara shan ruwan da ba a tafasa ba."

Gwaggo Kande tana zaune kan turmi a kife. Ta ce, "Ke ƴar nan, da mi za mu tafasa shi? Da kallabinki?"

Mata suka kwashe da dariya. A lokacin sai mace ta yi tafiyar rabin yini kafin ta tara itacen girki ɗaya. Ko kashin shanu ya yi wuya, don shanun sun mutu.

Na ce, "Gwaggo, haka aka ce a farmasiyo."

Ta ce, "To, madalla. In kin koma ki ce su aiko da itacen."

Na koma gida na yi kuka. Da na gama kukan ƙishi ya kama ni, na ɗebi ruwan randa na sha, ɗanye, don ni ma ba ni da itacen. Daga baya matan da kansu suka gano dabara: su jingina ƴar ƙaramar tukunya a gefen ta tuwo, wuta ɗaya, ruwan yara kawai a ciki. Ba ni na koya musu ba.

Saboda haka, maigida, duk abin da za ka ce mutum ya yi, fara yin sa da kanka a irin gidansa, da irin kayansa, sati guda. In ka kasa, rufe bakinka ka sake tunani.

Da a nan wautata ta tsaya da sauƙi. Amma na riƙe Gwaggo Kande a zuciya. Na aika aka yi shela cewa daga yanzu taron na masu goyo ne, tsofaffi su huta. Na ɗauka na yi wayo.

Da bazara ta shigo, zafi ya tsananta, rijiya ta yi ƙasa, zawo ya shiga yara. Lokacin babu ƙunshin takarda irin naku, da hannu ake haɗawa: ruwa cikin kwalba, ƙwayoyin sukari a ƙirga, gishiri a tsunkula da yatsu uku, a ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri. Na koya wa matasan mata wannan har suka mayar da shi waƙa. Kowace Alhamis gindin gawo ya cika, tafi kamar ana biki, ni kuma ina cika kaye da sunaye. Amma ba a daina wucewa da ƙananan gawarwaki a tabarma ba. Na ce ƙaddara ce. Ban tsaya na duba waɗanne yara ne ke tafiya ba.

Waɗanda aka yaye ne, Sani. A garinmu in an cire yaro daga nono, ɗakin kakarsa ake kai shi, can zai zauna. Uwar tana gindin gawo tana rera waƙar sukari da gishiri, yaron yana hannun tsohuwar da na ce ta huta a gida. Tsofaffin kuwa abin da suka gada shi ne, in yaro yana zawo a hana shi ruwa don cikin ya tsaya.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Ku yaran yanzu matanku suna ɗaukar hoton ɗan fari suna nuna wa duniya. Mu ba mu faɗin sunansa, ba mu yi masa wasa a gaban mutane, ba mu tambayar lafiyarsa. In na ce wa yarinya a taro, "Yaya ɗanki?" sai ta ja mayafi ta rufe fuska, sauran su yi dariya, ni ma in yi, in wuce ta gaba. Ban ga aibin haka ba, don ni ma hakan nake.

Ubanka shi ne ɗan farina. Wata biyu ke nan da yaye shi, yana ɗakin Inna, uwar kakanka, a gidan wan mijina. Danga ɗaya ce tsakaninmu. Ran Talata na ji kukansa, mai ƙarfi, na ji Inna tana cewa a kawo toka a share. Na ci gaba da tankaɗe. Ran Laraba kukan ya ragu. Na ce wa kaina Inna ta raini tara, ni wace ce? In na shiga na tambaya, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Rabi ba ta da kunya, ta bi ɗan fari har ɗakin surukuwa. Balle in ce zan koya mata riƙon yaro.

Ran Alhamis babban sojan da ke riƙe da yankinmu ya zo rangadi a motarsa katkat. Maigari ya ce in tara mata. Suka rera waƙar, na haɗa ruwan a gabansa. Ya tafa, ya yi magana da Faransanci, ya ce a rubuta sunana. Ina tsaye ina washe baki, lokacin haƙoran suna nan duka, sai na ji an ja mini zane ta baya.

Hajjo ce, wata Bafillatana da ke kawo mana nono kafin shanunsu su ƙare. Da suka ƙare ta zauna garin tana yi wa mutane daka, har da gidan Inna. Ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "Rabi, ana yi maki tafi, ɗanki ya daina kuka."

Na ce, "Wane ɗa?" Ka ji fa. Har a lokacin.

Ta ce, "Mu Fulani mun fi ku kunyar ɗan fari, ke ma kin sani. Nawa a hanyar Dakoro na binne shi, ban taɓa kiran sunanshi ba. Kunyar tana nan na adana, in taki ba ta isa ba in ƙara maki."

Ban yi wa soja sallama ba. Na suri kwalbar da na haɗa a gabansa, na sa cikin mayafi, na nufi gidan. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna. Yana kwance a tabarma, idanun sun zurma, leɓɓan sun bushe, ƙuda na sauka a fuskarsa ba ya korewa.

Inna ta ce, "Zawon yaye ne, kowane yaro yana yi. Tun jiya na hana shi ruwa, na ba shi jiƙo, zai tsaya. Ke mi ya kawo ki da tsakar rana?"

Sani, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwalbar tana ƙarƙashin hammatata, ina jin sanyinta a jikina. Na buɗe baki na ce, "Na zo gaishe ki ne, Inna." Ta ce ta gode. Na tashi na fita da kwalbata.

Ina fita zaure ƙafafuna suka kai ni inda kaina bai yi niyya ba. Na tarar da Gwaggo Kande a tsakar gidanta tana bakacen dusa. Wata biyu ban gaishe ta ba. Na zube a gabanta.

Ta ce, "A'a, Madam ce da kanta? An aiko da itacen?"

Na ce, "Gwaggo, yaron gidan Inna ne."

"Wane yaro? Gidan yara shida ne."

Na duƙar da kai. Ta ci gaba da bakacenta.

Na ce, "Nawa."

Sai ta ajiye faifan. Ta karɓi kwalbar ta kurɓa, ta juya a baki. Ta ce in faɗa mata abin da ke ciki, da yadda ake bayarwa, da abin da za a yi in ya yi amai. Na faɗa, ba atansiyo, ba komai. Ta sa na maimaita. Sannan ta ɗauko wani tsohon ƙoƙo da ya yi baƙi don daɗewa, ta juye ruwan a ciki. Ta ce, "In ta ga kwalbar nan ta san daga inda ya fito, ba za ta yarda ba. Ke kuma kada in ga ƙafarki a ɗakin."

Ita da Inna tare suka yi ƴanmatanci. Ina laɓe bayan danga na ji shigarta. "Ke tsohuwar banza, so kike ki busar da jikanki kamar kuɓewa? Matsa can!" Inna ta ce, "Kande, ruwa ne fa." Ta ce, "Ruwana ne. Kin taɓa ganin na kashe maki ɗa?" Inna ta matsa.

Ta ɗora shi a cinya, ta riƙa ɗiga masa da bakin ludayi kaɗan-kaɗan. Ya yi amai, ta jira, ta ci gaba. Tun azahar. Ni ina tsaye ina leƙe ta hudar zana, rana na dukan ƙeyata, ban iya zama ba. La'asar ta yi, ta wuce. Inuwa ta fara tsawo sai na ji ta ɗaga murya.

"Kai! Ɗan banza ya jiƙa mini zane da fitsari!" Sannan ta juyo wajen danga. "Ke mai laɓe, na ga ƙafafunki tun ɗazu. Je ki haɗo wani."

A farmasiyo an gaya mana in fitsari ya dawo, ruwa ya fara zama a jiki. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba, har yau. Na tafi haɗowa ina tafe ina tuntuɓe. Da aka kwana biyu ya tashi zaune yana neman fura.

Bayan nan na rufe taron gindin gawo na ɗan lokaci. Tsofaffi suka riƙa zuwa gidan Gwaggo Kande, ita take nuna musu da ƙoƙonta, ni aikina kawo sukari da zama a bakin tabarma. In ta yi kuskure a ƙirga ba na gyara ta a gabansu, sai sun watse. Wucewa da tabarma ta ragu, ba ta ƙare ba, amma ta ragu har kowa ya lura. Kai ma ka sha ruwan nan kana ƙarami, kuma ka san sunan da ake kiransa a garinmu: ruwan Kande. Babu mai cewa ruwan Rabi. Na ji haushi shekara guda, daga baya na warke.

Yanzu sai kai. Ni ban san Mende ba, ban san al'adarsu ba, iyakacina abin da ka faɗa, cewa shinkafa suke ci da miyar ganye, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa. Wataƙila ba su da kunyar ɗan fari. Amma babu garin da ba shi da abin da ba a faɗa a gaban baƙo, balle baƙo namiji, tuzuru, mai magana ta bakin tafinta. Matan da ke yi maka tafi ba ƙarya suke yi ba. Ni ma na rera waƙar da zuciya ɗaya. Kawai dai wataƙila ba su ne ke da ikon buɗe ƙunshin ba.

Ka ce da safe duk suna tafiya gonar shinkafa, sai yamma. To wa ake bar wa yaran? In ciki ya ɓaci, wa ake fara kira? Wa ke cewa a ba shi, ko kada a ba shi? Nemo ta. Tana nan. Mai yiwuwa ba ta taɓa zuwa rumfarka ba, ko kuwa tana zuwa ta zauna can baya tana kallonka kamar ɗan akuyar da ya shigo masallaci. Ka je gidanta da goro, ba da takarda ba. Zauna ƙasa da inda take zaune. Gaishe ta da harshensu, ko da za ka karya shi, bar ta ta yi maka dariya. Tambaye ta yadda take yi wa zawo, ka saurara har ƙarshe ba ka yamutsa fuska ba. In akwai mai cutarwa a ciki, kada ka kunyata ta a gaban surukanta, bari sai ku biyu da tafinta. In ta ce sai an juye maganinka a nata kwanon, juye. In suka sa masa sunanta, bar musu.

Abu ɗaya ne ban yarda ka yi haƙuri a kansa ba. In ka ga yaro idanu sun zurma, ya kasa sha, kada ka tsaya gaisuwa irin tawa. A ɗauke shi zuwa likita ko da za a zage ka. Ni Allah ne ya rufa mini asiri, ba dabarata ba.

Kuma in za ka rubuta wa manyanka rahoto, kada ka rubuta yawan tafi. Rubuta abin da ka gani a rufin ɗaki.

Ga hukuncina, tunda ni ce uwargida. Ka zauna har su yanke shinkafarsu. In lokacin ya yi, babu tsohuwar da ta zage ka ta kuma aike ka, babu ƙunshin da ya sauko daga rufi, to ka dawo, ƙofa a buɗe take, babu mai yi maka dariya sai ni. Amma kada ka taho yanzu. Yanzu ne ka ga inda aikin yake.

An ce gidan waya ba zai kai takarda ƙauyenku ba, sai dai ubanka ya ɗauki hoton kowane shafi da salula ya tura maka. Na ce masa ya ɗauka kawai, kada ya karanta. Na san halinsa, zai karanta. To kai mai riƙe da salula, ka dai ji. Kwana uku na yi ina jinka ta bayan danga, kuma babu ranar da ban tuna ba. Kada ka zo ka yi mini maganar, ba zan amsa ba. Ka kawo mini goro kawai.

Sani, ka riƙa shiga gidan sauro, ka sha ruwan da kake ce wa mutane su sha, kada ka bar salla. Allah ya tsare ka daga ciwo da ruwa da hanya, ya tsare mutane daga kuskurenka. Allah ya raya yaran garin da kake, ya ba tsofaffinsu haƙurin zama da kai. Allah ya jiƙan Inna da Gwaggo Kande da Hajjo da ɗanta. Ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya dace, ya sa ka tarar da ni da sauran haƙorana. Amin.

Ka gaishe mini da tafintanka, da tsohuwar, in ka same ta.

Ni ce amaryarka,
Kakarka Rabi.